Kafin Ki Shiga Gidajen Babura da Littafin Kaya

Rukayya 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan lokacin da za ki warware takardar nan kin riga kin sauka, kin sha ruwa, kin huta gajiyar mota. Ki gaida min Gwaggonki Asabe da maigidanta da yaran gida. Allah ya sa kin shiga Babura a sa'a, ya tsare ki a hanya da masauki da wurin aiki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Babanku yana sa miki albarka. Nasa jawabin ya riga ya yi miki a zaure, kin kuma san shi ba ya maimaita magana.

Nawa ne ya rage. Ranar Laraba kin same ni ina tsintar shinkafa, kika ajiye min littafin nan mai sheƙi a kan tabarma, wanda kuke kira katalog, cike da hotunan kuloli da zannuwan gado da turaruka. Kika ce wata ƙawarki ce ta ba ki, wai in kin tashi daga asibiti ki riƙa shiga gidaje kina nuna wa mata, su zaɓa, a aiko da kayan daga Kano, ke kuma ki samu la'ada a kan kowane abu. Kika tambaye ni ko abin ya kai a wahala a kansa. Na ce za mu zauna, sai gida ya cika da masu zuwa sallama, ga shi har gobe za ki tafi ba mu zauna ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Zan cusa takardar a cikin jakarki, tsakanin hijabai.

Amsata ita ce ki yi. Sana'a ce ta halal, kuma tana taimako. Shekara tara na yi ina yin ta a nan Kazaure, ina kuma koyarwa a firamare. Ke abin da kika sani a lokacin kawai shi ne Umma ta ɗauki mayafi ta fita bayan la'asar. Daga cikinta na sayi keken ɗinki, na rufa wa ɗakina kwano, kuma ba a taɓa koro ɗayanku daga makaranta don littafi ko kayan makaranta ba. Amma ban ga wadda ta yi arziki da ita ba, ni ma ban yi ba. Ƙari ce a kan albashi, kamar yadda wata take kiwon kaji a bayan ɗaki. In kin riƙe ta a haka za ki ji daɗinta. Ni da farko ba haka na riƙe ta ba, kuma gara ki ji yadda aka yi daga wurina.

Kina da shekara biyar na je wani suna a unguwar Kanti, na haɗu da wata Hajiya Balaraba da ta zo daga Kano. Mota ce ta kawo ta da direba, hannunta duk awarwaron zinariya. Bayan an ci abinci ta fito da littafi irin naki, mata suka kewaye ta. Da ta ji ni malama ce sai ta ja ni gefe, ta ce irina take nema, mai karatu, wadda ake ganin mutuncinta a gari. Ta ce duk abin da nake gani a jikinta daga littafin nan ya fito. Sai dai, in ji ta, in ina son in yi sauri kada in tsaya jiran mata su zaɓa, in sayi kaya tun farko in ajiye, domin wadda ta ɗauka da yawa ana ƙara mata la'ada.

Ina da tumaki biyu a Roni wajen kakarki. Ranar Asabar na hau mota na je na sa aka kai su kasuwa. Kakarki ta kwance igiyoyin daga turke ta naɗe su ta rataye. Da na dawo na gaya wa Babanku, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi min tambaya ɗaya, wai motar Hajiya Balaraba ce ta riga littafin zuwa gidanta, ko littafin ne ya riga motar. Na ji haushi, na ce masa shi dai ba ya son ya ga mace ta motsa. Ya ce Allah ya sa albarka, ya tashi ya tafi masallaci. Sai bayan shekara na ji cewa mijinta babban ɗan kasuwa ne, tana shiga motar tun kafin a buga littafin.

Kayan da ta zaɓar min kuwa na matan birni ne. Kofunan gilas masu dogon wuya, da turaren da kwalba ɗaya ta kai kuɗin rabin buhun gero, da injin markaɗe mai aiki da lantarki, a unguwar da rabin gidajen ba a ja musu wuta ba. Mata su ɗauka su juya, su ce ma sha Allah, su ajiye. Shekara biyu kwalayen suna ƙarƙashin gadona. Da kofunan na riƙa yin gudummawar biki har suka ƙare. In kin shiga wasu gidaje a layinmu har yanzu za ki gan su a jere a kabad, ba a taɓa shan ruwa da su ba.

Saboda haka kada ki sayi ko cokali kafin wata ta ce tana so. Amfanin ciniki da littafi shi ne ba kya ɗaure kuɗinki. Dillaliya kaya take ɗauka a ka, ke hoto kike ɗauka a jaka. Duk wanda ya ce sai kin fara saye kin ajiye, ke yake sayar wa, ba matan gari ba. Haka kuma in kika ga sun fi damuwa da ki kawo musu wasu 'yan mata su shiga a ƙarƙashinki fiye da yadda suka damu da kayan, ki mayar musu da littafinsu ki yi musu godiya.

Bayan wannan na koma yin abin yadda ya kamata: mace ta zaɓa, ta ba da kafin alƙalami, a kawo, ta cika, ta karɓi kayanta. Amma sai wani zafin kai ya kama ni. Na ɗauka yawan tafiya shi ne yawan ciniki. Asabar da Lahadi ina kan acaɓa, yau ƙauyukan Roni, gobe hanyar Gwiwa, har Achilafiya na taɓa zuwa saboda filas ɗaya. In je nunawa, in koma kaiwa, wani lokaci in koma na uku saboda mai kayan ta tafi unguwa. In dawo da ciwon baya da takalmi a tsinke, ina jin ni babbar 'yar kasuwa ce. Mai acaɓan da yake kai ni ne ya farkar da ni, wani dattijo mai barkwanci. Wata rana da ya sauke ni a ƙofar gida ya ce shi dai Allah ya bar masa ni, tun da na fara sana'ar nan ya canza tayoyi biyu ya kuma yi wa babur fenti. Na yi dariya, amma kafin in cire mayafi na gane shi nake yi wa aiki.

Ki tsaya inda ƙafarki za ta kai ki ta dawo da ke. Ki tara abin da aka zaɓa ki aika sau ɗaya a wata. Ki kuma san lokaci. Da damina kuɗin kowa yana gona, ko kin nuna ba za a saya ba. Da kaka, in an cire gyaɗa an sayar da riɗi, aka fara sa ranakun biki, to lokacinki ne. Ni daga baya da damina ajiye littafin nake yi gaba ɗaya in huta. Sannan Babura ba Kazaure ba ce. Kaya suna shigowa ta iyaka, matan can sun san farashi da naira da sefa, ba za ki koya musu ba. Kafin ki buɗe littafin a gaban kowa ki bi Gwaggonki kasuwa sau biyu ko uku, ki ga abin da ake samu a can da arha. Abin da kasuwa ta fi ki sauƙi, kada ki ɓata bakinki a kansa.

Ba na jin kin tuna Inna Jumma, wata doguwar Bafulatana da take kawo mana nono da man shanu daga rugarsu da ke kan hanyar Gwiwa. Takan sauke ƙwaryarta a tsakar gida ta huta kafin ta wuce. Wata rana ta tarar ina nuna wa maƙwabta littafin, ta matso ta leƙa. Bikin 'yarta yana tafe da kaka, kuma tun farkon damina take ƙulle kuɗin nono a bakin zani saboda tukwane. Idonta ya faɗa kan wani jerin tukwane biyar masu murfi, suna walƙiya a hoto, babbar ta cika rabin shafi. Ta ɗora yatsa a kai ta tambaye ni ko babbar za ta dafa tiya biyu, don gidan da yarinyar za ta shiga gidan yawa ne.

Rukayya, ban taɓa ganin tukwanen nan da idona ba. Akwai wasu ƙananan lambobi a ƙasan hoton, ban tsaya na auna su da komai ba. Na ce mata har tiya biyu da rabi ma za ta ci. Ta kwance bakin zaninta ta biya duka a take, ta ce ita ba ta san wani kafin alƙalami ba.

Kayan sun iso saura kwana huɗu biki. Tun daga ɗaukar kwalin na san akwai magana, don da hannu ɗaya na ɗaga shi. Babbar tukunyar da kyar za ta dafa rabin tiya, ƙaramar kuwa sai dai a ɗuma wa jariri ruwan sha, ƙarfen kuma in kin danna da babban yatsa sai ya lotsa. Kuskuren da na yi da baki ƙarami ne a kan wanda na yi a ranar nan. Na mayar da su kwali, na ɗaure da igiya, na hau acaɓa na kai mata har ruga, ina ce wa raina ai wataƙila ba za ta damu ba, wataƙila ma irinsu suke so.

Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo min nono mai sanyi, ta kira 'yan uwanta mata su zo su ga kayan amarya. A gabansu ta buɗe. Ta fito da tukwanen ɗaya bayan ɗaya ta jera a ƙasa, ta ƙwanƙwasa babbar da farce. Can ta ɗago ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malama, ni ban iya karatu ba. Shi ya sa na tambaye ki."

Ban san yadda na iso gida ba. Washegari na nemi izini a makaranta, na shiga kasuwa na sayi tukwane na gaske, na ƙira masu nauyi, da abin da ya rage na albashina. Na kai mata, na kwaso waɗancan. Watan nan miyar kuka ba nama muka sha har ya ƙare. Inna Jumma ta karɓa, ta yi godiya, ta ci gaba da kawo mana nono. Amma in ta shigo ta ga littafin a tabarma sai ta kau da kai, kuma babu mace ɗaya daga rugar nan da ta ƙara sayen komai a hannuna.

Abin da ba ki riƙe da hannunki ba, ki ce ba ki gani ba. Ba abin kunya ba ne. Mai ɗaukar hoto ya san inda zai tsaya abu ya yi girma, kuma hoton da ke cikin wayoyinku na yanzu bai fi na takarda gaskiya ba. Daga ranar nan na ɗauko jan biron da nake gyara aikin yara da shi, duk abin da ya zo na ga ba shi da kyau sai in soke shi a littafin. In mace ta nuna wanda na soke, in ce kada ta saya, na gan shi, ba zai yi mata wata uku ba. Na yi zaton ciniki zai ragu. Sai ga shi mata suna aikowa a kira musu Malama mai jan biro, wai ita ba ta cuta. Mafi yawan abin da na samu a sana'ar nan bayan wannan ne na same shi.

A shekarun nan ne na ji daɗin abin. Akwai matan da ba sa fita, duk abin da ke ɗakinsu wani ne ya zaɓar musu, miji ko uwa ko yaya. In na buɗe littafin a gabansu sai ki ga mace ta goge hannu a zani, ta juya shafi a hankali, ta koma baya, ta yi shawara da kanta a kan launin labule kamar za ta sayi gona. Ranar da aka kawo kuwa, har dafaffen ƙwai ake ƙulle min a leda. Wannan ma wani abu ne, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi kewarsa da na daina.

Akwai kuskuren da ya fi shafarki, tunda aikin asibiti za ki yi. Wata yarinya a ajina ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba, na je gidansu in ji dalili. Uwar ta karɓe ni a tsorace, ta ce zazzaɓi ne, ta yi ta ba ni haƙuri. Da muka gama maganar, tunda littafin yana jakata, sai na fito da shi kamar yadda na saba a kowane gida. Ta juya shafuka da sauri ta nuna wata kula. Na yi murna, na ce zuwan bai tashi a banza ba. Ashe kaji uku ta sayar ta biya, kuma ba ta da abin da za ta yi da kula. Ta gaya wa maƙwabciyarta cewa tsoro ta ji, kada ta ƙi saye a kayar mata da 'ya a jarrabawa. Magana ta zaga har ta kai kunnen hedimasta.

Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Bai yi min faɗa a gaban malamai ba. Ya kira ni ofis bayan an tashi, ya ce shi bai hana kowa neman halal ba, shi ma yana da gona. Sannan ya ce, "Amma in kin yi sallama a gida, ya kamata masu gidan su san wace ce ta shigo, malamar 'yarsu ko mai talla." Na je in mayar wa matar kuɗinta, ta ƙi karɓa, ta ma ƙara tsorata. Sai ta hannun maƙwabciyar na aika mata da kaji uku. Ban ƙara shiga gidan ɗan ajina da littafi ba sai ya wuce aji na gaba.

Ke naki ya fi nawa nauyi. Matar da kika yi wa awon ciki da safe, in kika shiga gidanta da yamma da littafi, ba za ta iya ce miki a'a ba, don ta san ranar haihuwa a hannunki za ta faɗo. Kada littafin ya taka harabar asibiti. Ki cire fararen kaya ki sa naki kafin ki fita. Ki fara da waɗanda suka neme ki da kansu, ƙawayen Gwaggonki, da matan malamai da ma'aikata. Na kuma duba littafin naki bayan kin tashi. Akwai shafuka huɗu a ƙarshe na mayukan ƙara haske da garin da ake sha don rage ƙiba ko ƙara ta. Ki yage su tun kafin kowa ya gani. Duk abin da ya fito daga hannunki za a ce asibiti ne ya bayar. Kula in ta fashe a sayi wata, amma fatar mutum da ƙodarsa ba a sayo su daga Kano.

Bakina ma ya taɓa jawo min. Wadda take shiga gida goma a mako tana ganin abin da ba a nuna wa kowa, wane ɗaki ne babu katifa, wane gida ne ba a ɗora tukunya ba a ranar. Binta, matar wani tela a bayan layinmu, ta yi ɓari sau uku a jere. Wata rana ta ja ni ƙuryar ɗakinta, ta rage murya, ta zaɓi bahon wankan jariri da tawul biyu. Ta ce in kawo a cikin buhu kada a ga kwalin. Na gane, na yi mata addu'a. Kwana biyu bayan haka ina wani gida a Cikin Gari, matar gidan tana ta jinkiri a kan irin bahon nan, sai na ji bakina yana cewa ai mai kyau ne, Binta matar tela ma shi ta ɗauka. Ban san matar gidan aminiyar uwar mijin Binta ba ce.

Kafin Juma'a magana ta gama dangi. Binta kuwa ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba, tana jira cikin ya yi ƙwari. Uwar miji ta ji ciwo da ta ji a bakin waje. Mata suka fara zuwa da tambayoyi da shawarwari da jiƙe-jiƙe, yarinyar da take neman kwanciyar hankali ta rasa shi. Mijinta ne ya zo bayan la'asar ya zauna da Babanku a zaure, cikin ladabi ya roƙi alfarma kada in ƙara shiga gidansa. Ina bayan ƙofa ina ji, Babanku yana ba da haƙuri a kan laifin da ba shi ya yi ba. Allah ya rufa min asiri ta sauka lafiya, ta samu namiji. Da wani abu ya samu cikin nan, ban san yadda zan ci gaba da zama a unguwar ba. Ban je suna ba. Sai da yaron ya fara tafiya na samu ƙarfin halin zuwa neman gafara. Ta yafe, amma zumuncin bai koma yadda yake ba.

Abin da kika gani a gida ki bar shi a gidan. Kada ki sayar da kaya da sunan wata, ko da cokali ta saya. Na san an koya muku riƙe sirri a makaranta, amma a asibiti mutum yana tunawa. A kan tabarma, ana hira ana dariya, a nan ake mantawa. Ki kuma riƙa gaya wa Gwaggonki unguwar da za ki, kada ki shiga gidan da ba mace a ciki, kiran magariba ya same ki a gida.

Saura ɗaya, kuma wannan ke ma kina ciki. Ranar walimar saukarku ta Islamiyya ce, kina da shekara goma sha biyu. Ciniki ya buɗe min sosai a kakar nan, har na fara jin ba abin da zai tafi daidai in ba na wurin. Da safe aka aiko cewa kwalaye biyu na kuloli suna cikin motar da za ta iso tasha da hantsi, na wata mai biki. Na gyara miki farin hijabinki, na ce ku yi gaba da Babanku, ina zuwa yanzun nan. Motar ta lalace a hanya. Na zauna a benci a tasha, duk motar da ta shigo in miƙe. Sau uku na yi niyyar tafiya, sau uku na ce bari in ƙara minti goma. Alhali kwalayen nan ko sun kwana a ɗakin ajiya na tasha ba abin da zai same su. Masu lodi sun san ni, bikin kuma sai mako mai zuwa.

Da na iso ana naɗe tabarmi. Aka ce min ke aka zaɓa ki buɗe karatu a cikin 'yan mata, kin karanta ba gargada, amma kafin ki fara kin tsaya kina duba wajen mata har sai da malaminku ya ce bismillah. Na hango ki a gindin darbejiya kina rungume da allonki mai zayyana, sauran yara kowace da uwarta ana ɗaukar hoto. Ina tahowa ina shirya abin da zan faɗa, sai kika riga ni. Kika ce, "Umma, kin ci abinci? Na ajiye miki waina."

A tsaye na ci wainar. Ban ba ki haƙuri ba, don a lokacin ina ganin uwa ba ta ba 'yarta haƙuri, sai dai ta saya mata abu. Na saya miki takalmi. Abin da na yi dai shi ne daga makon nan na yanke wa sana'ar kwana biyu, Talata da Asabar, in sun wuce ko wa ya aiko sai ya jira. Ciniki bai mutu ba. Na ƙara shekara biyu a haka, sannan na ajiye da kaina da na ga buƙatar ta ragu. Ke ki yanke mata kwanakinta tun daga makon farko, kada ki jira irin ranar da ta sa ni yankewa.

Haƙurin da ban ba ki ba a gindin darbejiyar nan, ga shi yau a rubuce. Ki yafe min, Rukayya.

To, ki gwada. Ki ba shi kaka ɗaya. In kin ga yana ƙara miki, bai taɓa aikinki ko barcinki ko sunanki ba, ki ci gaba. In ba haka ba ki ajiye, ba gazawa ba ce. Ni dai na san za ki fi ni iyawa, don kin fi ni haƙuri, kin kuma fi ni riƙe baki.

Allah ya tsare min ke fitarki da shigarki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wadda ta zo gare ki da ciwo. Allah ya albarkaci albashinki da abin da za ki ƙara a kai, ya sa kaɗan ɗinki ya ishe ki. Kada ki yi wasa da salla a kan aiki ko ciniki. In kin samu hutun farko ki taho, kada ki tsaya neman tsaraba. A wannan karon za ki same ni a gida.

Mahaifiyarki,
Hadiza